Mako Guda Tsakanin Waya da Maɗaba'a

Litinin
Alhamdu lillahi, na rufe babi na ƙarshe bayan sallar asuba. Da waya na rubuta littafin nan kaf, a Google Docs, saboda ko wayar ta faɗa ruwa ko ta bi hannun 'yan ƙwace, rubutun yana nan. Na kuma tura wa kaina kwafi ta imel. Allon rubutu na Gboard nake amfani da shi, na zaɓi Hausa a cikin harsunansa, don haka ƙ da ɗ da ɓ suna ƙarƙashin yatsana. Yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga marubuciya mai basira tana sa q a gurbin ƙ, alhali gyaran bai kai minti biyu ba.

Talata
Na kai wa Malam rubutun a takarda. Tsohon malamin Hausa ne, ya yi ritaya, kuma ba ya duba aiki a waya. Ya shimfiɗa darduma a zaure, ya ɗauki jan biro, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a gefensa, bangon duk ya sha hannu. Yawancin aikinsa a kan raba kalmomi da haɗe su ne: ya haɗe "ya na" ta koma "yana", ya raba "yace" ta koma "ya ce". Ya tsaya a wani shafi ya ce, "'Yata, wannan tsohuwar taki daga Katsina kika ce ta fito, me ya sa take magana kamar 'yar Fagge?" Muka daɗe a kan bakinta. Kalmar da ba mu samu ba na nemo ta a ƙamusun Bargery na 1934, wanda yanzu yake intanet kyauta. Babu manhajar da za ta kama abin da Malam ya kama yau. Na biya shi ladan aikinsa duk da ya so ya ƙi, domin idan ba a biyan masu gyara, wata rana za mu nema mu rasa.

Laraba
Wajen mai tsara shafuka. Yaro ne mai hannu, amma da ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa sai duk haruffa masu ƙugiya suka zama ƙananan akwatuna. Ya ce, "Anti, ko mu mayar da su k da d kawai? Kowa haka yake yi." Na ce sam. Matsalar daga samfurin harafin da ya zaɓa ce, ba ya ɗauke da su. Muka sauke Charis SIL, kyauta ne, an yi shi ne domin harsuna irin namu, nan take komai ya koma daidai. Gentium ma yana yi. Na roƙe shi ya tsara a girman A5, ya fitar da PDF wanda harafin yake liƙe a ciki, don kada kwamfutar maɗaba'a ta sake canza shi. Bango kuwa a CorelDRAW zai yi, kamar yawancin masu zane a garin nan. Na ce ba na son hoton 'yar fim da aka tsinto a intanet. Hoton mutum hakkinsa ne.

Alhamis
Ranar lambar ISBN. A Nijeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita, lamba 13 ce, kuma namu sukan fara da 978-978. Da yawa daga cikin littattafanmu na kasuwa sun fito ba tare da ita ba, shi ya sa ɗalibin da ke bincike a yau yake shan wuya kafin ya gano shekarar da aka buga wani littafin, ko ma ya samu kwafinsa. Doka ta ce mai bugawa ya ajiye kwafi 3 a laburaren. Wasu na ganin asara ce. Ni kuwa ina ganin nan ne kaɗai littafina zai kwana lafiya bayan gara ta cinye na gidana.

Juma'a
Ban fita ba. Wata ƙawata ta kira tana ba ni shawarar in sayar ta WhatsApp kawai, a biya a shiga rukuni, ba ruwana da tsadar takarda. Tana da gaskiyarta, mata da yawa da haka suke rufa wa kansu asiri, wasu kuma a Wattpad suka tara masu karatu. Sai dai mutum ɗaya ya biya, kafin magariba fayil ya zaga rukuni goma. Dogaro da dandali ɗaya ma ganganci ne: Okadabooks ta rufe a 2023. Zan saki babi uku na farko kyauta, sauran a takarda.

Asabar
Maɗaba'a. Ƙarar inji da warin tawada, ga rim-rim na takarda an jingine har rufi. Alhaji mai maɗaba'ar ya ƙirga shafukana ya ce, "Hajiya, injin nan sha shida-sha shida yake ɗauka. Ko ki rage shafi biyu, ko ki biya kuɗin sha huɗu da babu komai a kansu." Na zaɓi in matse sadaukarwa da godiya a shafi ɗaya, in cire hotona. Ya so in buga da yawa tunda kuɗin kowane kwafi yana sauka, na ce sai na ga abin da masu shagunan littattafai a Bata za su karɓa, don yawancinsu sai sun sayar suke biya.

A hanyar gida na yi ta tunanin waɗanda suka share mana wannan turbar. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, lokacin da babu wayar hannu babu intanet, kuma ba su jira wani babban kamfani ya ce musu bismilla ba. Na ba Alhaji rabin kuɗi. Mun yi da shi ba zai tayar da inji ba sai ya ba ni kwafin gwaji na kai wa Malam ya sake bi da jan bironsa.