Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse

Tun muna yara ake ce mana mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, mu kuwa muna ɗaukar maganar a matsayin rarrashi irin na manya. To jama'a, ashe ana dafa dutse, kuma yana narkewa. Shekarata biyu ke nan a sashen ginin tangaran na makarantarmu, kuma abin da ake koya mana ke nan.

Aikin yana farawa ne daga yumɓu. Sai an jiƙa shi, an tace tsakuwa, an bar shi ya tsane, sannan a yi ta murza shi kamar mai kwaɓin alkaki har iskar da ke ciki ta fita. Daga nan a maka curin a tsakiyar faifan da ke juyawa. Nan ne ɗalibi yake sanin kansa. In curin bai zauna a tsakiya daidai ba, zai yi ta rawa yana jan hannunka, kai da shi kamar masu kokawa. Malaminmu yakan ce, "Ku kafe gwiwar hannu a cinya, ku bar laka ta zo ta same ku." Sai da na yi mako shida kafin yumɓu ya tsaya cak a ƙarƙashin tafina alhali faifai yana gudu. Bayan wannan, huda tsakiya da babban yatsa da jan bango sama a hankali, duk masu sauƙi ne.

Da na je hutu na nuna wa kakata kofin farko da na gina, sai ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce, "Yanzu 'yar nan, duk kuɗin da ubanki ke kashewa wasan laka kike koyowa?" Na ce, "Inna, ai matar da ke bayan naira ashirin ma laka ta yi wa wasa." Ladi Kwali nake nufi, Bagwariyar da ta gwanance a ginin hannu tun tana ƙarama. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Baturen Ingila Michael Cardew ya ga tukwanenta, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Inna ta saurara, amma abin da ya dame ta daban ne. Ta shafa santsin kofin ta ce, "In kika yi wa randa wannan, ba za ta sanyaya ruwa ba, don randar da ba ta gumi ba randa ba ce."

Gaskiyarta. Tukwanen gargajiya a fili ake gasa su da ciyawa da itace, zafin bai cika wuce digiri 800 ba, shi ya sa jikinsu yake da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Wanda ake so ya rage yoyo kuwa, akan yayyafa masa makuba tun yana da zafi. Namu na tanderu ana kai shi kusan digiri 1,280, kuma ana sa masa riga ta gilashi, wato abin da muke kira ruwan sheƙi. Kowanne da amfaninsa: randa ta ruwan sha, kwanon tangaran kuma na miya, wanda ba ya shan mai kuma ba ya riƙe wari.

Ruwan sheƙin kanti daga waje ake kawo shi, kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Saboda haka mu muke haɗa namu, kuma babban sinadarinsa toka ce, tokar murhu da ake kwashewa a zubar a juji. Ni wajen wata mai ƙosai a bakin makaranta nake karɓa, har ta ɗauka sabulu nake yi. A tankaɗe ta, a jiƙa, a tsiyaye ruwan sau uku ko huɗu, domin ruwan toka yana cin hannu, duk macen da ta taɓa tace shi ta sani. Ma'aunin da muka fara da shi tsoho ne a wajen maginan duniya: kashi 4 na toka, kashi 4 na garin dutsen felsfa, kashi 2 na farin yumɓu irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Mu muke dakan dutsen a turmin ƙarfe, da ƙyalle a hanci saboda ƙurarsa tana lalata huhu. Tokar ce ke taimaka wa dutsen ya narke, yumɓun kuma ya riƙe su a jikin kwano kada su zube.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowace toka da halinta. Ta itace tana gudu, ta bar sawu kamar hawaye. Ta ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce, ba ta son narkewa, in an haɗa ta da kyau sai ta ba da fari kamar kindirmo. In ka ƙara 'yar jar ƙasa ka kuma rage wa wutar iska, sai launin ya koma kore-kore. In ka yawaita ta, ya yi duhu kamar ɗanyen zuma da ya daɗe. Kafin a shafa wa kwano, sai an gwada a ƙananan faranti, a rubuta wa kowanne lamba, a jira ranar gashi, a kuma jira kwana biyu tanderu ya huce. Cikin gwaji talatin da na yi a zangon farko, huɗu ne suka yi kyau.

A nan ne jarrabawar take, mai karatu. Akwai gajeriyar hanya, kuma an sha raɗa mana ita. Wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa ya taɓa ce mini, "Hajiya, me ya kai ki wahalar daka dutse? Ga dalmar tsohon batirin mota, wuta kaɗan take so, ƙyalli kamar madubi." Bai yi ƙarya ba, dalma tana narkewa da wuri, tana rage cin itace da gas, kuma tana jan idon mai saye. Sai dai abu mai tsami, kamar kunun tsamiya ko zoɓo ko miyar tumatir, yana janyo ta daga jikin kwano ya kai ta ciki. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, taruwa take yi a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi illatawa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wanda zai sha kunu a kofina ba ya nan lokacin da nake haɗa ruwan sheƙi, ba shi da hanyar sanin abin da na zuba. Amana ce ya ba ni ba tare da ya san ya bayar ba.

Don haka na zaɓi toka da turmi, ko da kofina ba zai yi walƙiyar na kanti ba. Ku kuma da kuke sayen kwanukan tangaran na gida, ku riƙa tambayar magini abin da ya sa a ruwan sheƙinsa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ma ji daɗin bayani. Wanda ba ku san asalinsa ba, musamman tsoho mai launi rangaɗau, ku bar shi a kabet ya yi ado, kada a ba yaro abinci a ciki. Ga masu sha'awar koyo kuwa, ku fara da tara toka da littafin rubuta ma'auni. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa wa sana'armu albarka, amin.