Neman Salsala a Yammacin Zamfara: Daga Anka Zuwa Kaduna

Na bi hanyar da duk mai neman asalin gidansu a yammacin Zamfara zai bi. Na saki titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, na shiga Anka, na ratsa ƙasar Bukkuyum, na wuce Ɗaki Takwas zuwa Gummi, daga nan Sakkwato, sannan Kaduna. Abin da tafiyar ta tabbatar mini shi ne yawancinmu 'yan boko muna fara wannan nema daga inda ya kamata mu ƙare. Da an ce tarihi sai hankalinmu ya tafi ma'ajiyar takardu, alhali takardar da ta kwana shekara ɗari a Kaduna za ta iya ƙara goma tana jira, tsohuwar da ta san sunan kakan kakanka kuwa ba ta da wannan lokacin.

A Anka mutum yake fara gane cewa tarihin sarauta daban, tarihin gida daban. Labarin gidan Sarkin Zamfara a tsare yake: daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara, da yadda Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci birnin a shekarun 1760, da yawon da sarautar ta yi kafin ta zauna a Anka. Bajamushe Kurt Krieger ya buga littafi a kan tarihin Zamfara a 1959, Garba Nadama kuma, wanda daga baya ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular a Zariya a 1977. Idan kai jinin sarauta ne, an rage maka aiki. Amma manomi da maƙeri da majemi da Bafillace mai shanu ba su cikin jerin sarakuna, kuma su ne mafi yawan jama'a. Ga kuma yadda muke sa suna. Bature yana bin sunan dangi guda ɗaya ya haura ƙarni uku, mu kuwa kowane ɗa sunan ubansa yake ɗauka, in ya shiga makaranta a liƙa masa sunan garinsu. Mutum ɗari masu amsa Anka a takarda ba lallai ne biyu daga cikinsu su haɗa kaka ba. Alkunya ma ta ɓoye sunayen yanka da yawa a bayan laƙabi, har jika ya girma bai taɓa jin ainihin sunan kakarsa ba. Wannan ƙulli babu fayil ɗin da zai kwance shi, sai wanda ya zauna a gidan.

Masu kwance shi kuwa su ne suke watsewa, kuma a tsakanin Anka da Bukkuyum abin ya fi fitowa fili. A 2010 gubar dalma daga aikin zinari ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka ga girman ɓarnar a Bagega. Bayan wannan 'yan bindigar daji suka tayar da ƙauyuka, jama'a suka kwararo cikin gari, wasu gidan 'yan'uwa, wasu sansanin gudun hijira. Idan ƙauye ya tashi, abin da ya riƙe tarihinsa ya tashi tare da shi: kushewar da ake nunawa a ce ga kakanku, iyakar gonar gado, maroƙin da ya haddace kirarin gidan, littafin malamin da ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa a gefen shafi. Wani zai ce wanda yake neman abin da zai ci yau ina ruwansa da kakan kaka. Hujja ce mai nauyi, sai dai ranar da aka koma gida za a yi shari'ar gona, kuma shari'ar gona shari'ar nasaba ce. Maraya da ya girma a sansani, in babu mai cewa ga ubansa ga gonarsa, ya yi asara sau biyu.

Gummi ta ba ni misalin da ya fi kowanne. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ɗan alkali ne, gidansu gidan karatu, ya zama Alkalin Alkalan Jihar Arewa, ya kuma bar littafin tarihin rayuwarsa kafin rasuwarsa a 1992. Duk da haka za ka ga wasu sun rubuta an haife shi a 1922, wasu a 1924. Idan haka ta faru da ɗan alkali, ina ga ɗan masunci a bakin Gulbin Zamfara? Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a duk Nijeriya sai a 1979 ta zo. Sai dai aikin alkalin kansa ya nuna inda takarda mafi amfani take. Ba a raba gado sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, mata da 'ya'ya maza da mata, wani lokaci har iyaye da 'yan'uwa, an kuma kawo shaidu. Rajistar kotun alkali ita ce wurin da talaka da mace suke shiga rubutu da sunansu, kuma ta fi kusa da mai nema fiye da Kaduna.

Sakkwato da Kaduna suna da nasu, ban raina ba. Jihar Zamfara sai a 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙire ta, kafin nan waɗannan gundumomi suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, daga baya Jihar Sakkwato, don haka takardunsu can suka tafi. Akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato mai rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa mai fayilolin Lardin Sakkwato da rahotannin ƙiyasin haraji, ga Gidan Arewa, ga kuma littafin bayanin lardin da E. J. Arnett ya fitar a 1920. A nan ne amsar masu cewa baki ba abin dogaro ba ne take. Gaskiya ne baki yana ƙari, kowane gida yana son a ce daga Gabas ya fito. To amma jami'in Turawan da ya rubuta tarihin gunduma bayan cin Sakkwato a 1903, a ina ya samo shi? Daga bakin hakimi da dattawansa, ta hannun tafinta, kuma abin da ya dame shi shi ne yawan masu biyan haraji da shanun jangali. Fayil ɗin nan baki ne da aka daskarar. Amfaninsa shi ne ya ba ka shekara da sunan dagaci, ka auna abin da tsohuwa ta faɗa maka, kuma ba za ka san abin da za ka auna ba sai ka fara jin ta bakinta. Ko a Amurka, inda ake ƙidaya duk shekara goma tun 1790 ana kuma buɗe sunaye bayan shekara 72, gobara ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar 1890 a 1921, bayi kuma ba su shiga da sunayensu ba sai bayan 'yanci, a ƙidayar 1870. Jikokinsu ga tsofaffi suka koma.

Batun bayi shi ne ƙorafin da ya fi wuyar amsawa. Bauta ba ta gama haramta a dokar Arewa ba sai a 1936, kuma akwai gidajen da tono zai fito musu da abin da suka binne da gangan, ya ɓata aure ko ya ba maƙiyi abin gori. Malamai ma suna tsawatarwa a kan alfahari da asali. Amma addinin da ya hana alfahari shi ne ya kwaɗaitar da sanin dangi don sada zumunci, ya kuma gina gado da haramcin aure, har na shayarwa, a kan sanin wane ya haifi wane, wace ta shayar da wane. Abin da za a kiyaye shi ne wanda zai riƙe bayanin. A ɗauki muryar tsohuwa a waya da izininta, a tambaye ta daga wane ƙauye aka taso, a zamanin wane sarki, wace sana'a, wace irin tsaga ce a fuskar uban, sannan a rubuta a bar wa gidan su yanke abin da za a fitar. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Usmanu Danfodiyo 'yan asalin waɗannan ƙananan hukumomi uku za su iya wannan aiki a hutu guda, a cikin garin Anka ko Gummi inda tsofaffin ƙauyukan da suka tashi suke zaune yanzu.