Tsakanin Ajiye Bik da Karɓar Takarda

Jarabawar shimi awa biyu ce a cikin aji, amma wahalarta takan kai mako biyu a waje. Daga lokacin da aka ce a ajiye bik har ranar da mushe zai shigo da ƙunshin takardu a hammata, mu ƴan seri D ba mu da cikakken barci. Na daɗe ina tunanin abin da ke cin mu a waɗannan kwanaki. Abin da na gano shi ne, akasarin fargabarmu daga wuri ɗaya take fitowa: ba mu san yadda ake raba makin ba.

Abin tun daga bakin ƙofa yake farawa. Ba ka gama saka kalkuleta a jaka ba, wani ya tare ka: "Kai, nawa ka samu?" A ce tambayar ita ce wadda kowa ya sani, ta awon asid da baz. An ba ka asid kloridirik mililita 20, ana ɗiga masa sud mai ƙarfin 0,1 mol/L, launi ya juya a mililita 12. Amsar ita ce 0,06 mol/L. To a bakin ƙofar nan za ka ji mai 0,06, ka ji mai 0,6, har da mai 60. Mai 60 ɗin nan ya san darasinsa sarai. Ya rubuta ekwasiyon daidai, ya san ma'anar ekibalans, sai dai ya manta ya mai da mililita 12 zuwa lita. Da jin amsar sauran, sai ka ga fuskarsa ta sauya, ya koma gida da yaƙinin ya ci sifili.

Mi ya sa shimi ta fi sauran darussa tayar da hankali? Don tambayoyinta sarƙa ce. A tarihi, in ka manta shekara guda, ita kaɗai ka rasa. A shimi kuwa amsar tambaya ta farko da ita za ka shiga ta biyu, ta biyu ta kai ka ta uku. Wanda ya samu 0,06 zai fitar da pH wajen 1,2. Wanda ya kuskure tun farko, duk abin da ya biyo baya sai ya karkace, ko da hanyar da ya bi babu aibi a cikinta. Nan tambayar da ke hana barci take: mai gyara zai bi hanyar ne, ko lambar ƙarshe kawai zai duba?

Malamai sun sha bamban a nan, kuma duk mun sani. Akwai wanda yake bin layi bayan layi. In aikin na maki 5 ne, ekwasiyon tana da nata, ma'anar ekibalans tana da nata, dangantakar da ka kafa tsakanin asid da baz tana da nata, lissafin ƙarshe shi ma da nasa. In ka yi kuskure sau ɗaya, sau ɗaya zai cire maka, ya ci gaba da bin ka da lambarka. A hannun irin wannan malami, mai 60 zai iya tashi da 4 bisa 5. Akwai kuma wanda idonsa ke sauka kan abin da ka zagaye kawai. In bai yi daidai da na takardarsa ba, ja ɗaya da jan bik, shi ke nan. Ba na zargin kowa da mugunta. A ajinmu mun haura 60, kuma ba mu kaɗai yake koyarwa ba. Mutumin da ke gyaran tulin takardu da dare, cikin zafin watan Afrilu, ga wuta an ɗauke, dole ya nemi gajeriyar hanya. Amma ɗalibin da ke jira bai san a wane hannu ya faɗa ba, kuma tsakanin 4 da sifili akwai tafiya.

Wani zai ce maki 4 ne fa, mi ye abin tashin hankali? Wanda ya faɗi haka bai zauna ya yi lissafin koyefisiyan ba. Fizik da shimi darasi ɗaya ne a biltan, PC, kuma a seri C da D yana cikin masu nauyi. A ce koyefisiyan ɗinsa 4 ne. Maki 4 da suka zube sun zama 16 a jimla, kuma 16 ɗin nan kan iya zama abin da ya raba 10 bisa 20 da 9 da ɗoriya. Ƙasa da 10 kuwa kowa ya san abin da ke bayanta: maimaita aji, wani lokaci ma kora. Ga ɗan ƙauyen da aka sauke a gidan wani a birni, maimaita aji na nufin ƙarin shekara yana cin tuwon da ba na gidansu ba. Ga ƴar'uwarmu mace, sau da yawa akwai masu jiran biltan ya zo da ja don su ce ai ga shi, boko ya ƙi, a yi maganar aure. Ga wanda ya ɗora ransa kan karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni, kowace takardar PC kamar hasashe ce na abin da bak za ta yi masa. Don haka in kun ga ɗaliba ta kasa cin abinci saboda waƙafi ɗaya da ya zame mata, kada ku ce raki ne.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun nan jita-jita ke yin ƙiba. Da dare gurup ɗin aji na WhatsApp ya cika da gyara iri uku, kowa na rantsuwa tasa ce daidai. A fada, shayi na farko bai sauka ba an fara lissafin maki a bayan kaye. Gobe wani ya zo ya ce an ce mushe ya ce babu wanda ya kai 8. Wa ya ji da kunnensa? Babu. Amma maganar ta riga ta shiga ciki. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da wannan tsoro ke koya mana a ɓoye. In lambar ƙarshe ce kaɗai ke da daraja, to leƙa takardar maƙwabci ya fi fahimta riba. Da yawa daga masu satar amsa daga nan suka fara.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara mana rauni. Yawancinmu a kan allo muka ga awon nan, da alli. An ce mana BBT rawaya ne a asid, shuɗi a baz, kore a tsakiya, mun haddace, amma ba mu taɓa ganin ɗigon da ke juya launin ba. Shi ya sa lamba ba ta yi mana magana. Wanda ya saba da kayan zai san 60 mol/L ba ta yiwuwa, don asid kloridirik mai kauri da ake sayarwa a kwalba wajen 12 mol/L yake, ruwa kansa ma lita ɗaya mol 55 da rabi ne. Da mai 60 ya san haka, da tun a cikin aji ya koma ya nemo inda ya zame. Alhali shimi tana cikin madafar gidajenmu. Ku jiƙa kanwa ku ɗiga a ruwan zoɓo, ku ga yadda jan ke gushewa, sannan ku matsa lemun tsami ku ga ya dawo. Wannan shi ne abin da ake nufi da juyawar launi, kuma ba ya buƙatar labo.

Ga malamanmu, da ladabi, roƙo uku nake da shi. A rubuta makin kowace tambaya a gefenta tun a takardar jarabawa. Ranar da aka dawo da takardu, a yi gyara a allo tare da barem, a faɗa mana ko kuskuren da ya bi sarƙa sau ɗaya ake cire shi ko sau uku. Sannan ɗalibin da ya ga an tsallake masa shafi ko an yi kuskuren tara maki, a saurare shi ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba. Ko ɗaya cikin ukun nan ba ya cin kuɗi, kuma za su rage wa malam kansa gardama.

Mu ma akwai namu. Mu riƙa rubuta hanya dalla-dalla: ekwasiyon, dangantaka da haruffa, sannan lambobi, sannan ma'auni. Ko malam mai sauri ne, abin da ba ka rubuta ba babu yadda za a yi a ba ka makinsa. Kafin mu zagaye amsa, mu tambayi kanmu ko wannan lamba tana yiwuwa a duniya. In an fito kuma, wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya wuce taron bakin ƙofa, don babu abin da ake gyarawa a can. A bak, sunanka rufe yake, mai gyara bai san ka ba, bai san kana ƙoƙari a aji ba. Takardar ce kawai za ta yi magana a madadinka, gara ta saba da yin cikakken bayani tun yanzu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kompozisiyon mai zuwa, kowane aji ya tura shugabansa wurin malamin PC, ya gaishe shi, ya roƙi a sanar da barem. Wani zai yarda nan take, wani sai an sake komawa. Ajin da ya samu, ya gaya wa na kusa da shi yadda ya yi. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.