Zuwa ga Ummi, a kan duhun littafin Conrad



 Saƙonki ya iso ni, na ga aikin da malaminku ya ba ku a kan Heart of Darkness na Joseph Conrad, wato me duhu yake nufi a cikin littafin. Kin ce 'yan ajinku sun rabu biyu, wasu sun ce jahilcin Afirka ne, wasu sun ce muguntar zuciyar ɗan Adam ce. Amsa ta biyun ta fi ta farko, amma ita ma ba ta ƙosar da ni ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto miki.

Ki fara sanin abin da mutumin ya gani da idonsa. Conrad ɗan Poland ne, an haife shi a 1857 lokacin da Rasha ke danne da ƙasarsu, har ta kori mahaifinsa daga gida saboda ya ƙi mulkinta. A 1890 ya tafi Kwango aikin jirgin ruwa a wani kamfanin Beljiyam, ya hau kogin har inda ake kira Kisangani a yau, ya dawo da zazzaɓi da atini. Kwango a lokacin mallakar mutum ɗaya ce, Sarki Leopold na Biyu, daga 1885 zuwa 1908, kuma bai taɓa taka ƙasar ba. Ya ce wa duniya zai yaƙi cinikin bayi ya kawo wayewa. Abin da aka yi ta kwasa shi ne hauren giwa, daga baya roba, kuma ƙauyen da bai cika kasonsa ba a tsare matansa, a yanke wa mutane hannu. Labarin Conrad ya fito a mujallar Blackwood's a 1899, ya zama littafi a 1902, shekara guda kafin Kano ta faɗa hannun Turawa.

Masu karatun farko sun saba da kiran Afirka nahiyar duhu. Littafin mai binciken ƙasashe Stanley na 1890 ma da wannan lafazi aka raɗa masa suna. Sun buɗe na Conrad suna jiran irin wannan, sai ya fara labarin a kan kogin Thames da faɗuwar rana, duhu yana sauka a kan Landan, Marlow mai ba da labarin yana tuna wa abokansa cewa Rumawa ma da suka zo Ingila daji da tsoro suka tarar. Tun kafin a ambaci Afirka, duhu ya riga ya zauna a babban birnin daular.

Shawarata ita ce ki sake karanta littafin da fensir a hannu, ki bar duhun tukuna, ki bi sawun farin. Birnin da ofishin kamfanin da ya ɗauke shi aiki yake, Marlow ya kwatanta shi da kabarin da aka shafe da farar ƙasa, a ƙofar ofishin kuma ga mata biyu suna saƙa da baƙin zare. Da ya isa tashar farko sai ya ga mutum shida ɗaure da sarƙa a wuya suna hawan tudu da kwandunan ƙasa a ka. Ya ratse cikin inuwar itatuwa don ya huta, sai ya tarar nan ne ma'aikatan da yunwa da ciwo suka cinye suke jan jiki su zo su mutu. Ɗaya daga cikinsu, saurayi ne, da ɗan farin zare ɗaure a wuyansa, Marlow ya miƙa masa biskit. 'Yan taku kaɗan daga nan ga akawun kamfani cikin fararen kaya masu sitaci, littattafan lissafinsa tsaf, abin da ke damunsa kawai nishin wani majinyaci yana hana shi haɗa lissafi. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni a littafin. Inuwar ba ta cuci kowa ba, mafaka ce ta mutanen da aka gama da su. Zaluncin yana can cikin hasken rana, sanye da fararen kaya, riƙe da alƙalami.

Ki ci gaba da bi. Hazon da ya makantar da jirgin kafin a kai musu hari fari ne fat. Hauren da ake kashe rayuka a kansa fari ne, shi ma Kurtz, wakilin kamfanin da Marlow ya je ɗaukowa, kansa mai sanƙo an kamanta shi da ƙwallon haure. Sai hoton da Kurtz ya zana, na wata mace ɗauke da jiniya mai ci, idanunta a ɗaure. Mai kai wa wasu haske ita kanta ba ta gani. Shi Kurtz ɗin ya rubuta rahoto mai daɗin lafazi a kan yadda za a wayar da mutanen ƙasar, a ƙarshen takardar ya ƙara layi guda yana kiran a hallaka su duka, gidansa kuma kewaye da kawunan mutane a kan sanduna. A ƙarshe Marlow ya koma Turai ya zauna da budurwar Kurtz cikin ɗakin da yamma ke duhunta shi, ya yi mata ƙarya cewa sunanta ne kalmar ƙarshe a bakin mamacin, don kada ya rushe mata abin da ta yi imani da shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce miki Conrad ya gama aikinsa. Amma Chinua Achebe, a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts, ya tuhume shi da wariyar launin fata, kuma ni ina ganin Achebe yana da gaskiya a babban ɓangaren hujjarsa. Ki duba da kanki: baƙar fata nawa ke da suna a littafin? Ba ko ɗaya. Matuƙin jirgin da mashi ya kashe, jininsa ya cika takalman Marlow, shi ma an jefa shi kogi ba mu san sunansa ba. Mutanen bakin kogi gaɓoɓi ne da ihu da ganga. Conrad ya tona asirin Bature, amma da jikinmu da ƙasarmu ya yi allon da ya rubuta tonon a kai, kuma ya bar wa mai karatu damar cewa dajin ne ya ɓata Kurtz.

To a nan nake so ki kafa amsarki: duhun nan a idon wa yake? Wanda ya shigo zaure daga rana tsaka shi ke cewa wurin da duhu, waɗanda ke zaune ciki suna ganin juna sarai. Marlow ba ya jin yaren kowa, bai san abin da gangar take cewa ba, sai ya kira rashin saninsa duhu. Ya ce hawan kogin kamar komawa farkon duniya ne, alhali a yankin bakin wannan kogi akwai daular Kwango da ta yi hulɗa da Fotugal tun ƙarshen ƙarni na 15, kuma sarkinta Afonso na Ɗaya ya rubuta wa sarkin Fotugal a 1526 yana kukan yadda fatauci da bayi ke ƙarar masa da jama'a. Wannan tarihi ba ya cikin littafin ko kaɗan.

Kada wannan ya sa ki ƙi littafin. Kaɗan ne cikin marubutan Turai na zamaninsa suka nuna wa mutanensu sarƙa da gawa a fili haka, kuma ya yi hakan kafin rahoton Roger Casement na 1904 a kan zaluncin Kwango ya girgiza Ingila. Ki faɗi wannan a takardarki, ki faɗi na Achebe, kada ki ɓoye ɗaya don ki ƙawata ɗaya. Malami nagari zai fi daraja ɗalibar da ta kawo shafi da misali a kan wadda ta haddace ra'ayin wani.

Idan kin gama, ki nemi Mawsim al-Hijra ila al-Shamal na Ɗayyib Salih, marubucin Sudan, wanda ya fito a 1966. Tafiyar ce ya juya, ɗan bakin kogin Nilu ne ya nufi Landan. Akwai fassarar Turanci, kuma tun da kina da Larabci ki gwada asalin. Kafin ki miƙa aikin ki aiko min in duba.

Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Kawunki