Kakar Gida a Wusasa da Darasin Tsawon Rai

Matan da aka haifa a Wusasa, kusa da Zariya, a farkon shekarun 1930 sun tashi ne tare da garin kansa, domin a 1929 ne mishan ɗin CMS, wanda Likita Miller ya kafa a cikin birnin Zariya tun 1905, ya koma can, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka yarinyar wancan zamani ta koyi karatun boko da littafin ibadarta, a lokacin da ba kasafai ake sa 'ya mace makaranta ba a Arewa. Idan irin wannan tsohuwa ta rasu yau tana da shekara 90 da ɗoriya, dattawan da suka san ta kan ce karatu shi ne gadonta na farko, domin uwar da ta iya karatu ba ta barin ɗanta cikin jahilci, kuma garin da ya raini Janar Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu ya isa shaida.

Darasi na biyu ya fito ne daga Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan aure ta ekklisiya, wadda ake ganewa da zane da ɗankwali iri ɗaya, da waƙoƙin yabo da ake rerawa da kiɗan tulu da caki. Aikinta bai tsaya ga waƙa ba, domin idan aka yi haihuwa ko rashi, matan ne ke fara isa gidan da itace da hatsi, su ɗora tukunya, su zauna da mai makoki har sai baƙi sun watse. Kakar da ta tsufa cikin wannan hidima kan zama uwa ga unguwa duka, ana ce mata Mama, ana kai mata ƙarar ma'auratan da suka saɓa tun kafin maganar ta kai kunnen fasto.

A cikin gida kuwa, tana riƙe da wasan kaka da jika, al'adar da ta ba ta damar kiran jikanta namiji maigida, ta kira macen kishiya, ta kuma cusa gyaran hali cikin raha inda faɗan iyaye ya kasa. Da yake yawancin gidajen Hausawa Kirista suna da dangi Musulmi, ita ce ke tabbatar da cewa abincin Kirsimeti ya isa gidajensu, ta kuma karɓi naman layya da godiya, tana tuna wa yara cewa zumunta a ƙafa take.

Shi ya sa jana'izar irin wannan uwa kan fi kama da sujadar godiya, inda 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne ke taruwa daga garuruwa masu nisa. Hukuncin dattawa a kanta guda ne: tsawon rai kyauta ce ta Allah, amma riƙe dangi aiki ne na mutum, kuma gidan da bai samu mai ɗaukar wannan aiki bayanta ba yakan watse tun kafin a raba gado.