Na Raka Gwaggo Kasuwar Kurmi

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa haɗa kayan ɗakin amarya ta san ba a gama shi a kanti. Ko kin cika mota da kayan Kantin Kwari da na Sabon Gari, sai kin leƙa Kurmi, don a can ake samun faifai da ƙwarya da kasko da turaren wuta na gaske. To bikin ƙanwata saura sati biyu, ga Gwaggonmu ta iso daga Amurka inda take aure shekara da shekaru. Ta ce ita za ta ɗauki wannan hidimar, amma sai na raka ta, wai lungunan sun ɓace mata.

Ta Ƙofar Mata muka shiga gari da hantsi. Gwaggo ta sa mai adaidaita ya tsaya ta leƙa marina, ta ga ramukan rini na nan yadda ta bar su, sai dai marinan sun ragu. Muka wuce babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, muka gangara wajen Jakara. Nan muka sauka, domin Kurmi sai da ƙafa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar nan take ci. Lungu ne cikin lungu, in kika yi kiciɓis da mai kura sai kin manne da bango. Warin fata daga wajen dukawa, ƙanshin kanumfari da citta daga gaba, duk a numfashi ɗaya.

A nan kakanninmu suka ƙirga wuri. Lokacin da Baturen Jamus ɗin nan Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa guda. Yau kuwa 'yar na'urar POS ce a ko'ina. Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ita ta koya wa kowa, lokacin da ake biyan har naira 1,000 kafin a ba ki 10,000 taki ta kanki.

Muka yada zango a rumfar wani dattijo mai turare. Aka yi ta ciniki, Gwaggo na tayawa yana cewa albarka, har dai ya sallama. Ta buɗe jaka ta zaro wani kati mai sheƙi. Yaron rumfar da ke kusa, wanda yake ara wa dattijon na'ura, ya saka sau biyu, katin ya ƙi.

Na ce, “Gwaggo, ko babu kuɗi a ciki ne?”

Ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ai ba a zuba masa kuɗi. Katin bashi ne. Naki na ATM kuɗinki ne da kika ajiye, in kin taɓa su sun ragu nan take. Nawa kuwa banki ke biya, ƙarshen wata su aiko min da lissafi. Kuma duk sayayyar dala 100, sai su mayar min da ɗaya ko biyu kyauta. Shi ya sa nake sonsa.”

Dattijon ya gyara zama. Ya ce, “Hajiya, wannan ai gyara ce. Amma mu nan, tun ina yaro, mai kuɗi hannu ake wa gyara. Mai karɓar bashi ko ragi ba ya nema, godiya yake. To ku a can, a ba ki bashi kuma a yi miki gyara? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa yake biya?”

Wallahi sai da Gwaggo ta yi jim. Can ta ce gaskiya ne, mai kanti ne ke biya, ana cire masa wajen biyu zuwa uku cikin ɗari a duk cinikin katin bashi, shi kuma sai ya ɗora a kan farashi, har wanda ya zo da tsabar kuɗi ya biya. Sannan in wata ya ƙare ba ki biya duka ba, kuɗin ruwa ya hau, ya kan wuce ashirin cikin ɗari a shekara. Ta ce ta san matan da sayayyar biki ɗaya ta bi su shekara uku. Dattijo ya ce, “Subhanallahi, riba ke nan.” Ni dai ban ce komai ba, amma a raina na ji sheƙin katin ya ragu.

Kada kuma ku ɗauka namu na ATM kyauta ne. Ba ya cin ruwa, amma yana da 'yan cizonsa ƙanana kamar na cinnaka. Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ɗora wa ɗan kasuwa kwabo 50 a kowace naira 100 in an biya shi da kati, amma sau nawa aka ce miki “ki ƙara caji”? Daga 1 ga Maris 2025, in kika ciri kuɗi a injin bankin da ba naki ba, naira 100 ce a kan kowace 20,000, a injin bankinki kuwa ba a cire komai. Ga naira 50 ta gwamnati in tiransifa ta kai 10,000. Gyara kuwa, ban taɓa ganin ko ta sisi ba.

Haka dai na zaro nawa, Gwaggo ta ce za ta mayar min a gida. Yaro ya ce zai ɗora naira 300 ladan na'urarsa. Na danna lambobina. Wayata ta yi ƙara, an cire. Na'ura kuwa ta fito da takarda wai bai shiga ba. Tirƙashi! Kuɗin nan fa na adashena ne, wata shida ina zubi. Gabana ya faɗi, gumi ya karyo min.

Dattijo ya dube ni ya ce, “'Yata, 'yar gidan wa ce ke?” Na faɗi unguwarmu da sunan kakanmu. Ya ce ai tare suka yi makarantar allo da ƙanin babanmu. Ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin buzu, ya rubuta da ajami, ya ce mu ɗauki kayanmu. “Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma fa yau babu gyara, Hajiya, tunda kun zama masu bashi.” Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana uku ina sintiri kafin banki ya dawo min da kuɗin. Ranar Laraba na ciro su a injin bankina, na kai masa a hannu. Ya ƙirga, ya soke rubutun, ya miƙo min 'yar kwalbar humra ya ce a kai wa amarya.