Kafin ka zuba kuɗinka a littattafan CCNP

Ɗana, na ji kana tara littattafai da bidiyo domin jarrabawar CCNP ta kamfanin Cisco, har an cika maka kati guda da su a wajen masu tura finafinai. Madalla da himma. Amma yawancin abin da ke yawo a wayoyin matasan Diffa da sunan CCNP tsohon kaya ne. A ranar 24 ga Fabrairu 2020 Cisco ta rushe tsohon tsarin, ta jingine jarrabawowin ROUTE da SWITCH da TSHOOT, ta kawo ENCOR mai lamba 350-401 a matsayin ginshiƙi, sannan ka ƙara guda ta ƙwarewa, kamar ENARSI mai lamba 300-410. Duk littafin da ka buɗe ka tarar yana ta fama da Frame Relay, babu SD-WAN, babu Python, ajiye shi. Ko na bayan 2020 ɗin ma duba bugunsa, don an yi wa ENCOR kwaskwarima a 2023.

Abin da za ka fara saukewa kyauta yake: jerin batutuwan jarrabawar daga shafin Cisco. Buga shi a takarda, ka liƙa a bango. Da shi za ka auna kowane malami da kowane littafi. Ka ga dillalan tattasai a kasuwa, in buhu ya iso daga gonakin bakin Komadugu, ba sa yarda da jan da ke sama. Hannu suke zurawa har gindin buhu. Kai ma tsallake babin farko, kowa ya iya rubuta shi da daɗi. Nufi babin BGP ko na sarrafa na'urori ta hanyar manhaja, ka ga ko marubucin ya bayyana dalili ko kuwa umarni kawai ya jero maka.

Littafin Cisco Press na ENCOR, wanda Brad Edgeworth da abokansa suka rubuta, shi ne ƙashin baya. Yana da nauyin karatu, wani wurin ma da gundura, kuma shi kaɗai ba ya wadatarwa. Bidiyo kuwa mai daɗin baki ne: kana kallo kana gyaɗa kai, sai an zaunar da kai gaban baƙin allo ka rasa harafin farko. Ga cin data, ga rezo da ke zuwa yana tafiya. Zaɓi malami guda, ka sauke darussansa cikin dare.

Inda nake so ka daɗe shi ne gwaji da hannunka. Packet Tracer ya isa CCNA, amma a nan ya yi kaɗan. Kana buƙatar GNS3 ko EVE-NG ko CML, da kwamfuta mai RAM kamar giga 16. In kuɗin guda ne, sayi RAM ka haƙura da kwas ɗin. Haɗa rauta biyu da OSPF, ka canza MTU a gefe ɗaya da gangan, ka buga show ip ospf neighbor, ka ga yadda suka maƙale a EXSTART sun ƙi gaba. Zauna da su har ka gano da kanka. Ranar da aka kira ka ofishin wata ƙungiyar agaji a Mainé-Soroa layi ya yanke, ba wanda zai miƙo maka amsoshi huɗu ka zaɓa. Kuma ka saba adana aikinka akai-akai, ka san halin kuran a garin nan.

Sai batun tambayoyin sata da ake sayarwa a WhatsApp, wai su ne za su fito. Kada ka taɓa su. Cisco na soke takardar wanda ta kama, amsoshin da yawa ma kuskure ne, kuma na zauna da yara masu takarda a hannu da suka kasa raba adireshi gida huɗu. Kunyar ranar ta ishi mutum. Tambayoyin gwaji na halal, irin na Boson, suna gaya maka dalilin da ya sa amsar da ka zaɓa ba daidai ba ce. Da wannan za ka gane su.

Kai ɗan lakkwal ne, da Faransanci ka yi karatu, amma ENCOR babu ta da Faransanci. Yi karatun da Turanci tun yau, ko da zai ja ka a hankali, don jarrabawar minti 120 ce kawai, kuma in ka wuce tambaya ba komawa baya. Kuɗinta dalar Amurka 400, ya haura jika ɗari biyu, ban da na mota in Yamai za ka, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Ana iya rubutawa daga gida ta Pearson VUE, sai dai da wutarmu da intanet ɗinmu ban ba ka shawarar haka ba. Kada ka biya sai ka iya gina kowane batu na takardar bangon nan ba tare da leƙa littafi ba. Takardar shaidar CCNP kuma shekara 3 take yi, don haka ka daidaita lokacin rubutawa da lokacin da za ka fara neman aiki.